Saboda sabuwar iPhone zan bar kamfanin layina? Ku ban shawara don Allah

Abban Sultan:
Assalamu alaikum ƴan uwa barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen masana waya na gidan nan. Yayana da ke Amurka ne ya aiko min iPhone 15 ta hannun wani da ya zo ganin gida, na yi murna sosai wallahi, sai da na zo saka layi na juya wayar nan gaba da baya babu wajen sim, ko ɗan ramin nan da ake zura allura babu. Aka ce min ai ƴar Amurka haka take sai dai eSIM, wato layin da kamfani ke saka wa a cikin wayar ba tare da sim na roba ba. Na je ofishin kamfanin layina suka ce in dawo, na koma suka ce injinsu bai tashi ba, har na gaji da sintiri. Yanzu wani maƙocina a kasuwa yana ta zuga ni wai in yi fotin kawai in koma nasu kamfanin, su nan take ake ba da eSIM ga kuma 5G. To matsalar layin nan tun ina sakandare nake da shi, shi ne a banki, shi ne a BVN, shi ne a rubuce a allon shagona a Kwari, duk kwastomomina na Maraɗi da Damagaram shi suka sani. Anya wayar ta kai in sauya kamfani saboda ita?

Injiniya Na Farm Centre:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka je ko ina fara duba abu ɗaya. Haɗa ta da wayifai ka shiga Settings, General, About, ka gangara ƙasa wajen Carrier Lock. In ka ga No SIM restrictions to a buɗe take, in ka ga SIM locked duk wannan muhawarar ba ta da amfani don babu layin Najeriya da zai hau. Duba ka gaya mana.

Sarkin Zolaya:
Alhaji ka huta da wahala, kawo ta in ba ka Tecno ɗina mai sim biyu har da ciko na lemo 😂

Maman Hanan:
Ni na yi fotin kuma ban mutu ba, don haka bari in yi magana. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne lambarka ba ta canzawa, kamfanin kawai kake bari. Tun 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta kawo tsarin nan. Za ka je ofishin kamfanin da kake so ka koma da NIN ɗinka, su cike maka fom, ka tura PORT zuwa 3232 daga tsohon sim ɗin, su ba ka sabo, cikin kwana biyu ya tashi, kuma ba a biyan ko sisi na fotin ɗin kansa. WhatsApp ɗina yana nan, alat na shigowa, masu sayen atamfa da leshi a wajena ba wanda ya san na matsa. Abin da zan ja maka kunne a kai, kati da datan da ke tsohon layin ba sa bin ka, ka cinye kayanka tas kafin ka tafi, in kuma ana bin ka bashin kati ka biya. Sai kuma sunan da ke kan layin ya zama naka ne, in da sunan wani aka yi rajista tun zamanin da ake sayen sim a bakin titi to nan ne za ka sha fama.

Abban Sultan:
Hajiya na gode. Sunana ne a kai, tun lokacin da aka matsa da haɗa NIN na gyara. To babu wata matsala ko kaɗan kenan?

Maman Hanan:
Akwai ƴar ƙarama mai ban haushi. Ka san mutanenmu da farkon lamba suke gane layi, in sun ga 0803 sun ce MTN, 0802 Airtel, 0805 Glo, 0809 na Etisalat ɗin da. To bayan fotin farkon lambar ba ya nuna komai, sai mutum ya so yi maka alheri ya tura kati ta manhajar banki ya zaɓi tsohon kamfanin, abu ya ƙi shiga ko ya maƙale sai an bi. Ƙanwata har yau sai na tuna mata. Kuma in ka koma ba ka ji daɗi ba, ba washegari za ka dawo ba, akwai wa'adin da dole ka cika tukunna.

Ɗalibi BUK:
Ni fa ban ga abin dogon tunani ba yaya. An ba ka mota mai gudu kana so ka ajiye ta a gareji. Wayar nan tana da 5G, kuma kamfanoni uku ne kawai suka sayi lasisinsa a ƙasar nan, MTN da Mafab a gwanjon Disamba 2021 kowanne dala miliyan 273.6, sai Airtel daga baya ya fara nasa a 2023. Kano na cikin garuruwa bakwai da MTN ya fara da su a 2022. In layinka ba ya cikin masu shi to ka tafi kawai, wace irin biyayya ce za ka yi wa kamfanin da bai san da zamanka ba

Malam Na Ƙauye:
Ɗalibi ka yi a hankali da wannan 5G ɗin da kake ta yi wa talla. Ni ina koyarwa a wani gari can ciki, duk ranar Juma'a nake shigowa birni. A inda nake kamfani ɗaya ne tak yake kamawa, shi ma sai ka fito bakin masallaci ko ka hau tudun bayan makaranta, sauran duk da sunansu da tallansu babu ko sanda ɗaya. Wanda ya fi kowa gudu a Zoo Road shi ne gawa a wajenmu. Don haka tambayar da zan yi wa Alhaji ita ce ina kake kwana, ina shagonka, ina mahaifiyarka take, wace hanya kake bi in za ka ƙauye ko Maraɗi? Layin da ke kamawa a waɗannan wuraren shi ne naka. Wayar hannu ce kawai, eriya ce ke aikin.

Ɗalibi BUK:
Malam ai shi a Kwari yake ba a ƙauye ba 😅

Injiniya Na Farm Centre:
Ɗalibi Kwarin ma ka taɓa shiga can cikin filazojin nan na ƙasa? 5G ɗin da ake da shi a nan kan 3.5GHz yake, yana da gudu amma ba ya tafiya nesa kuma ba ya son bango. Kana bakin titi ka ga 5G a saman waya, ka shiga cikin shago tsakanin dilolin shadda da kankare ta dawo 4G ko ma ƙasa da haka. Ga cin batir, don wayar tana ta neman sa tana sauka tana hawa. Yawancin masu kawo min iPhone da kukan batir abin da nake fara yi kenan, in mayar musu LTE wato 4G, su dawo suna godiya kamar na canza batirin. Kuma a gaya min me Alhaji zai yi da gudun nan, hoton shadda zai tura a WhatsApp da kiran bidiyo da duba alat, duk 4G mai kyau ya ishe shi.

Ɗalibi BUK:
Oga ai ba yau kaɗai ake sayen waya dominta ba, nan da shekara biyu fa?

Injiniya Na Farm Centre:
Nan da shekara biyu sai ya yi fotin ɗin a lokacin, ƙofar ba ta rufewa.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Ku yaran nan kuna ba ni dariya. Ni layina tun 2001 na saye shi lokacin Econet, da kuɗin da a lokacin zai sayi tunkiya har da canji, kuma a minti ake cajin mu, ka yi sakan biyar a cire na minti guda, sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin sakan kowa ya bi. Ina zaune a inda nake layin nan ya zama Vmobile, ya zama Celtel, ya zama Zain, a 2010 ya zama Airtel. Ban taɓa sauya kamfani ba kamfanin ne yake ta sauya kansa a kaina. Wayoyin da na saka shi a ciki kuwa ban san adadinsu ba, wasu sun faɗa ruwa wasu an sace wasu jikoki sun fasa. Abban Sultan ɗana, mutanen da suka yi shekara goma ba su kira ka ba ranar da suka tashi lambar nan za su nema. Duk abin da za ka yi kada ka taɓa ta da wasa.

Maman Hanan:
Baba ai lambar tana nan ko ya yi fotin, abin da nake ta faɗa kenan

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Na ji ƴata. Amma kwana biyun nan da ake cewa, in abu ya tsaya a tsakiya fa, tsohon ya sake ka sabon bai kama ba, ga ɗan kasuwa yana jiran alat na kaya? Ni dai ba ranar kasuwa zan yi ba.

Maman Hanan:
Wannan kam gaskiya ne Baba, nima da na yi saƙon banki ya ɗan yi jinkiri a farko kafin ya daidaita. Ya yi daf da ƙarshen mako kawai, kuma ya tabbata manhajar bankinsa tana aiki ba sai ya dogara da saƙo ba.

Ɗan Texas:
Salam jama'a, yanzu na tashi na ga zancen. Ku bari in faɗa muku yadda abin yake a nan don a nan ne wannan tambayar take da haƙora. A Amurka yawancin mutane ba sa zuwa su ajiye kuɗi su ɗauki waya kamar a Farm Centre. Manyan kamfanonin nan AT&T da Verizon da T-Mobile duk lokacin da sabuwar iPhone ta fito a Satumba sai su cika ko ina da talla, dawo wajenmu mu ba ka kyauta. Kyautar nan yadda take, za a rubuta maka bashin wayar a raba shi wata 24 ko 36, kowane wata su cire maka kason daga bil, da sharaɗin kana kan tsarinsu mai tsada kuma sau da yawa sai ka ba su tsohuwar wayarka. Ranar da ka ce ka tafi kafin lokaci ragin ya tsaya, sauran bashin ya faɗo kanka gaba ɗaya. Wato sun ɗaure ka shekara uku da waya ɗaya. Mutum zai ga ya samu wayar dala ɗari takwas a banza bai lissafa ƙarin da yake biya duk wata a bil ba, in ka tara na shekara ukun wani lokacin gara ka shiga shagon Apple ka saya da kuɗinka ka zauna a ƙaramin kamfani mai araha. Kuma wacce aka ɗauko ta hanyar nan yawanci a kulle take da kamfanin sai an cika sharuɗɗansu. Shi ya sa nake tare da Injiniya, Alhaji ka duba kullen nan, kuma ka tambayi yayanka a ina ya saye ta.

Sarkin Zolaya:
Ashe turawa ma adashe suke yi 😂

Ɗan Texas:
Adashen da ba ka ɗauka sai dai a ɗauke ka. Maganar rashin wajen sim kuwa tun iPhone 14 a 2022 Apple ya cire shi a duk sababbin samfuran iPhone da ake sayarwa a nan. Kuma masu zuwa Dubai da Umara su sayo su ma su buɗe ido, iPhone 17 ta Saudiyya da ta Daular Larabawa ita ma eSIM ce zalla, ita kuwa iPhone Air a duk duniya babu mai wajen sim. Abin yana tahowa ne ko muna so ko ba ma so.

Abban Sultan:
Ku yi haƙuri na je sallah ga kwastomomi. Injiniya na duba, SIM locked ta rubuta 😭 Na kira yaya yanzu, dariya ma ya yi, wai shi ma sauya kamfani ya yi aka ba shi ita, da ya ga tasa tana nan lafiya sai ya ce bari ya aiko min. Ya ce da saura a biyan amma zai kira su ya ji.

Sarkin Zolaya:
Wato yaya ya sauya kamfani saboda waya, ƙane ma zai sauya saboda wayar, waya ɗaya ta tayar da gida biyu. Tayina na Tecno yana nan fa

Ɗan Texas:
Na faɗa. Ka ce masa ya tambaye su abu biyu, nawa ya rage, kuma in ya biya gaba ɗaya yau ragin da suke masa duk wata zai ci gaba ko zai tsaya, don a wasu kamfanonin biyan wuri yana kashe ragin, ka ga kyautar ta zama saye. In ya biya suka buɗe daga can ba sai an kai ta ko ina ba, kana haɗa ta da intanet za ta saki. Kuma don Allah kada ya daina biya ya ce ai waya ta tafi Najeriya, sunansa zai ɓaci a wajen masu bashi kuma ba za su taɓa buɗe ta ba.

Abban Sultan:
To Injiniya na ji ana cewa a wajenku ana huda ta a saka mata wajen sim, gaskiya ne? In haka ne ai na huta da fotin ɗin ma

Injiniya Na Farm Centre:
Ana yi Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, kasuwa cike take da irinsu waɗanda aka yi wa aikin tun daga Chana ma. Ana buɗe wayar a yanka gefen a dasa gidan sim a jona da bod. Amma ni ba zan yi wa sabuwar waya haka ba ko an biya ni. Ta rabu da garantin Apple, ruwa da ƙura sun samu hanya, in hannun mai aikin bai da kyau sabis zai dinga ɗaukewa, ranar sayarwa kuma duk ɗan kasuwar da ya san aikinsa yana gani zai karya mata kuɗi. Na biyu kuma hudawa ba ta cire kulle, kullen yana can a rajistar Apple da kamfanin, sai an haɗa da ɗan cif ɗin nan da ke yaudarar waya, shi kuma yau yana yi gobe ka sabunta waya ya daina. Mutumin da dukiyarsa ke shigowa ta alat bai kamata ya ɗora layinsa a kan wannan ba.

Malam Na Ƙauye:
To ka ga ma Allah ya ba ka lokaci. Kafin yaya ya gama da su can, je ka sayi sabon sim na kamfanin da maƙocin naka yake yabo, ka saka a tsohuwar wayarka gefen layinka, ka sa masa data kaɗan ka yi ta yawo da shi, shago, gida, cikin ɗaki da daddare lokacin da kowa ya hau, hanyar garinku. Idonka zai gaya maka abin da talla ba zai faɗa ba.

Maman Hanan:
Malam ya kawo shawara. Kuma ko an buɗe wayar ba dole sai fotin ba, iPhone ɗin tana ɗaukar eSIM biyu suna aiki lokaci guda. Ka iya sa sabon layi don data, tsohon ka bar shi a ƴar rakani kashi har ranar da kamfaninka suka ga damar ba ka eSIM ɗin. WhatsApp zai zauna a iPhone da tsohuwar lambar, lambar sirrin kawai za ta shigo ƙaramar wayar ka kwafa. Wasu ma cewa suke layin banki ya fi aminci a ƙaramar waya da ke gida, ba a wacce ɓarayin waya ke hango ba.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Amma ya dinga sa masa kati yana kira ko sau ɗaya ne lokaci lokaci. Layin da aka bari watanni ba a taɓa shi kamfani na karɓewa ya sayar wa wani, ka wayi gari wani yana karɓar alat ɗinka.

Ɗalibi BUK:
Ni dai har yanzu ina ganin ɗaukar waya biyu a wannan zamanin koma baya ne, ga aljihu ga caja biyu. Kuma kuna maganar kamar kamfanin da yake kai ɗin wani gwani ne, mutumin nan fa sintiri suka sa shi a kan eSIM kawai

Malam Na Ƙauye:
Ba wanda ya ce gwani ne. Dukkansu tare suka je NCC aka amince musu ƙarin farashi na kashi 50 a Janairun 2025, saƙo ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a ko ina, data ma kowa ya ɗaga. Ba wani wajen gudu. Waya biyu kuwa tambayi wanda ya ga ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a Maris 2024, masu layi biyu su ne suka dinga lallaɓawa, wani ya ɗauke wani na ɗan numfashi.

Ɗalibi BUK:
To ai da eSIM biyun ma layi biyu ne malam, a waya ɗaya

Malam Na Ƙauye:
In an ba shi ba. Kuma in wayar ta faɗi ta mutu ko aka fizge a Keke, sim na roba ka zare ka sa a wata, eSIM sai ka koma ofis ka bi layi.

Injiniya Na Farm Centre:
Wannan gaskiya ne, kullum sai na ga mai irin wannan, allo ya mutu layi na ciki ba yadda za a ciro shi sai an gyara ko a je a yi welkam bak. Alhaji ni nawa ra'ayin a taƙaice, kada ka yi fotin saboda wayar nan. In ka gwada sabon sim ɗin ka ga ya fi kamawa a shago da gida to ka koma saboda wannan, ko da iPhone ko babu. In kuma yaya ya ce buɗewar za ta ci kuɗi da yawa, a mayar masa da abarsa ya yi amfani da ita can, ka nemi mai wajen sim a nan, ƴar Ingila ko ƴar Hong Kong mai cin sim biyu.

Abban Sultan:
Mayarwa kam da kunya Injiniya, kyautar yaya ce, Hajiyarmu ma ta ji labari har ta sa albarka 😅 Zan sayi sim ɗin gobe in sha Allah in gwada kamar yadda Malam ya ce, ita kuma ta zauna a wayifai ana kallon bidiyo da ita kafin mu ji daga Amurka. Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci.

Ummu Aisha:
Don Allah tunda ana maganar, ni tawa Samsung ce mijina ya sayo a Jidda, tana da wajen sim amma in na sa layina kira na shiga data ba ta hawa, ita ma kullen ne ko me?

Injiniya Na Farm Centre:
A'a Hajiya in kira na shiga ba kulle ba ne, saitin APN ne, wato saitin da ke haɗa layi da intanet. Wane samfuri ce, turo hoton wajen Mobile networks in gani